Allah Ya Ja Zamanin Babi Biyar

A ƙasar nan ba kasafai ake samun abin da ya tsaya a kan maganarsa ba, shi ya sa in an samu ɗaya ya kamata a tara jama'a a yaba masa. Ni na samu. Sunansa Babi Biyar, wato ƙirar kundin da kowane ɗan aji huɗu a tsangayar nazarin zamantakewa yake rubutawa kafin a sallame shi da digiri, abin da yara suke kira furojet. Malaman jami'a sun rufe azuzuwa wata tara a 2020, suka sake rufewa wata takwas a 2022, aka dawo aka tarar da Babi Biyar zaune inda aka bar shi, ko ƙura bai yi ba. Ɗalibin kimiyyar siyasa da na tattalin arziki da na aikin jarida duk a gabansa suke durƙusawa. Allah ya ja zamaninka, mai riga ɗaya da ta ishi kowa, wanda ya san amsa tun ba a yi tambaya ba.

Ba da ka nake wannan yabo ba, gani ya kori ji. 'Yar ƙanwata ce ta kammala bara. Ta tashi a lungun da akwai wata Hajiya uwar adashi, wadda ta fi shekara ashirin tana riƙe da zubin matan unguwa. Ita ke sanin wa za a ba kwasar farko, wa za a matso wa da tata saboda haihuwa ko aurar da 'ya ko jinya, wa kuma za a bari can ƙarshe saboda ba a gama sanin halinta ba. Yarinyar ta lura da wani abu. Yawancin matan nan yanzu suna da asusun banki, wasu ma ta waya suke turo zubin, ga mai POS a bakin lungu, amma ba wadda ta bar Hajiya. Me ya sa? In kuma wata ta kwashi rabonta ta daina zubi, me Hajiya take yi, tunda ba takarda ba shaida? A lokacin dogon yajin aikin malaman jami'a ta riƙa zuwa tsakar gidan Hajiya, tana taya tsinkar zogale tana saurare, har ta cika littafi biyu masu ganye tamanin-tamanin. Ta zo mini da su tana rawar jiki: "Kawu, na samu abin da zan rubuta a furojet."

Allah ya so ta da rahama, Babi Biyar ya tare ta tun ba ta yi nisa da ɓata ba. Abu na farko da aka koya mata shi ne tambaya daban, take daban. Take yana da ƙira tasa: tasirin kaza a kan kaza, nazari a ƙaramar hukumar kaza. Aka ce ta kawo uku a zaɓa mata ɗaya, aka zaɓa mata tasirin adashi a kan bunƙasar tattalin arzikin mata. Dubi hikima. Kalmar tasiri ta riga ta yanke hukunci cewa akwai tasirin, saura kawai a cika shafi sittin ana tabbatar da shi. Ga kuma sauƙin gado: wanda ya yi na Dala bara, ƙanensa zai yi na Gwale bana, na bayansa ya yi na Kumbotso baɗi. Kyan ɗa ya gaji ubansa. In an manta an bar Dala a shafi na talatin da wani abu, ba komai, ai duk Kano ce.

Babi na ɗaya makarantar ladabi ce. Ɗan halak ba ya faɗa wa magana kai tsaye, sai ya yi sallama daga nesa. Don haka shimfiɗa takan fara da faɗin duniya, a gaida Majalisar Ɗinkin Duniya da Bankin Duniya, a gangaro Afirka kudu da Sahara, a ya da zango a Najeriya, sai wajen shafi na shida a hango lungun da ake magana a kai, hangen Dala ba shiga birni ba. Daga nan sai tarihin yankin bincike. In Kano ce, dole a taso Barbushe daga kan dutse, a naɗa Bagauda, a ƙirƙiro jihar a 1967, a yanke Jigawa a 1991, a ƙirga ƙananan hukumomi 44. Mai nazarin shaye-shayen matasa da mai nazarin rikicin jam'iyya duk sai sun gaya mana watan da damina take sauka. Sashen da na fi ƙauna shi ne na matsalolin da mai bincike ya fuskanta: ƙarancin lokaci da ƙarancin kuɗi. Ana rubuta shi tun ba a fita ko ƙofar gida ba, kuma a kundi da yawa shi kaɗai ne layin da ba a yi ƙarya ba.

Babi na biyu, bitar ayyukan da suka gabata, zaman fada ne. Wane ya ce kaza. Wane ya ƙara da cewa kaza. Wance ta yi nuni da cewa kaza. Kowa ya zo ya faɗi ya yi gaisuwa ya koma gefe, ba wanda ya musa wa wani, ɗalibi kuma ba ya cewa uffan, don yaro ba ya tsoma baki a maganar manya. Mafi yawan manyan nan bai taɓa ganin ko bangon littafinsu ba. A kundin wani ya tsince su, shi ma wanin a kundin wani. Malaman hadisi sun ƙare rayuwarsu suna bin diddigin wa ya ji daga wa. Mu an hutar da mu wannan wahala.

Akwai wata doka mai kyau da ake kafawa a sassa da dama: kada a kawo aikin da ya haura shekara goma, wasu ma su ce biyar. Wannan doka ta tsare 'yar ƙanwata daga haɗari babba. Ba don ita ba, da ta ci karo da William Bascom, wanda ya yi rubutu a kan esusu na Yarbawa tun 1952. Da ta ci karo da Clifford Geertz, wanda ya ga irin wannan zubi a tsibirin Jawa na Indunusiya, ya ce a 1962 adashi matakala ce ta tsakiya, mutane suna taka ta ne kafin su hau tsarin banki, in sun hau su bar ta. Da ta ga Shirley Ardener ta biyo shi da nazari mai faɗi a 1964, ta kuma dawo a 1995 ita da Sandra Burman da littafin da ya nuna mata suna riƙe da adashi har a cikin Ingila da Amurka, inda banki yake kowace kusurwa. Wato da yarinyar ta gane cewa tambayar da ta taso mata a tsakar gidan Hajiya ita ce ainihin gardamar da masana suka shekara sittin suna yi, kuma littattafanta biyu suna da abin cewa a ciki. Ina amfanin yarinya 'yar shekara ashirin da uku ta san tana da abin cewa? Girman kai kawai zai jawo mata.

Dokar shekara goma ba ta hawa kan ra'i, shi tsufa ado ne a gare shi. An jera 'yan ƙalilan a kan kanta kamar kayan kantin unguwa: Talcott Parsons na 1951, Robert Merton na 1938, Abraham Maslow da tsaninsa na buƙatu na 1943, Karl Marx ga mai son a ce yana da zafi. A ɗauki ɗaya, a kawo ƙarfinsa da rauninsa, a rufe da cewa duk da haka ya dace da wannan bincike. Ba za a sake jin ɗuriyarsa ba a babi na huɗu ko na biyar. Baƙo ne mai mutunci, ya sha ruwa a zaure ya tafi. Ibn Haldun, da ya zauna a 1377 ya warware yadda asabiyya take ɗaure jama'a har su kafa mulki, da yadda take kwancewa in daɗi ya yi yawa, ba ya cikin kantin. Kitabul Farƙ na Shehu Usmanu, da ya bi al'adun mulkin sarakunan Hausa ɗaya bayan ɗaya, su jangali su gaisuwa, shi ma ba ya ciki. Claude Ake ya rubuta littafi sukutum a 1979 yana gargaɗin cewa ilimin zamantakewar da muke arowa daga Yamma yana zuwa da nasa linzamin. Mun ji, mun gode, mun sa shi a jarrabawa.

Duk wannan sharar fage ce. Gagarabadau yana babi na uku, inda Taro Yamane yake zaune. Bawan Allah ɗan asalin Japan ne, malamin ƙididdiga da ya koyar a Amurka, kuma a littafinsa na koyon ƙididdiga, bugun 1967, ya kawo wani gajeren lissafi na sanin mutum nawa za a tambaya. Mun karɓe shi hannu bibbiyu, har suna muka raɗa masa na gida, don a kundi ba iyaka za ka ga an rubuta Yaro Yamane, kuma haka ake ta kwafa. Lissafin ga shi: a ninka yawan jama'a da 0.0025, a ƙara ɗaya, a raba yawan jama'ar da abin da aka samu. Garin mutum 10,000 zai ba ka 385. Na 100,000 zai ba ka 398. Na miliyan ɗaya, 400. Jihar Kano gaba ɗaya, da mutanenta fiye da miliyan tara na ƙidayar 2006, ita ma 400. Ko duniya ka zuba masa ba zai wuce 400 ba. Wane boka ne ya taɓa ba kowa amsa ɗaya, kuma aka ci gaba da layi a ƙofarsa?

Shi Yamane bai yi laifin komai ba. Lissafinsa yana da sharaɗi: a zaɓi mutanen da ƙuri'a, yadda kowa a garin zai iya faɗowa daidai da kowa. Hakan yana bukatar jerin sunaye ko na gidaje, mu kuwa ƙidayarmu ta ƙarshe ta 2006 ce, wadda aka shirya a 2023 an ɗage ta. Jaririn da aka ƙirga a goye ya isa shiga jami'a yau. Sai mu rubuta cewa an yi ƙuri'a, mu tsaya a bakin kasuwa mu miƙa wa duk wanda ya sakar mana fuska.

Sai takardar tambayoyi, da Turanci, a kan ma'aunin da Rensis Likert ya fito da shi a Amurka a 1932: na yarda ƙwarai, na yarda, ban yarda ba, ban yarda ba sam. Nasa na asali gurbi biyar ne, da na tsakiya ga wanda bai tsayar da ra'ayi ba, amma da yawa sun cire wannan, don kokwanto ɓata lokaci ne. Yanzu a ɗauki takardar a shiga gidan kulle, a tarar da tsohuwa tana tankaɗe, a fassara mata a tsaitsaye cewa adashi yana bunƙasa tattalin arzikin mata, a ce ta zaɓa. Baƙuwa ta shigo da sallama, 'yar makaranta, ɗiyar wance. Wace Bahaushiya ce za ta dubi idonta ta ce ban yarda ba sam? Kara ba za ta bari ba. Wata kuma da ta ga takarda da biro ta ɗauka sunayen tallafi ake rubutawa, sai ta yarda ƙwarai da komai, har ta ƙwala wa kishiyarta kira ita ma a rubuta ta. Babi Biyar ya ɗauke mana nauyin tunanin duk wannan. Ya ce a rubuta cewa malami mai duba aiki da wasu masana biyu sun tabbatar da ingancin takardar, magana ta ƙare.

Wanda ya san ciwon kansa ma ba ya zuwa gidan kowa. Akwai inuwar dalbejiya a bayan ɗakin kwanan ɗalibai. A tara abokai biyar, a sayo biro kala uku da lemo, a riƙa sauya hannu, wannan ya zama bazawara mai 'ya'ya shida, wancan ya zama ma'aikaciyar jinya, kafin la'asar mata 400 sun amsa. A ware 'yan kaɗan a ce ba a dawo da su ba, a ɗan cukuikuye wasu su yi kama da sun sha yawo. 'Yar ƙanwata ta ƙi wannan hanya. Mako biyar tana bin gidaje cikin zafin bazara, ta cika takardunta da mutane na gaskiya. Kowane gida ta shiga, bayan an yarda ƙwarai, sai a ja ta da hira: wadda ta sayi keken ɗinki da kwasarta, wadda take ɓoye wa miji tana zubi don kada ya ranta, wadda ta ce kuɗin banki kullum kiran ta yake ta waya, na hannun Hajiya kuwa ba ya ciruwa sai ranarsa. Wannan ta ƙarshe ta amsa tambayar binciken a numfashi guda. Ba gurbin da za a sa ta. Da aka tattara sakamako, nata da na 'yan dalbejiya ba mai iya bambancewa, jadawali iri ɗaya, maki kusan ɗaya. Ina aka taɓa ganin adalci irin wannan, inda mai gaskiya da mai ƙarya suke fita kunnen doki?

Babi na huɗu ba sai an wahalar da ɗalibi ba, akwai yaro a bizines santa da ya iya manhajar lissafi ta SPSS. Shi zai fitar da jadawali da zane mai kama da fanken da aka yayyanka, a ƙarƙashin kowanne a sake faɗin abin da ke cikinsa da kalmomi. A haɗa 4 da 3 da 2 da 1 a raba huɗu a samu 2.50; duk maganar da ta haura nan ta zama gaskiya. Sai a ɗauko lissafin kai-sukwaya a gwada hasashen da aka kafa tun farko, wai babu alaƙa tsakanin mace ta kwashi kuɗi da kuɗi ya shigo hannunta, a kayar da shi cikin nasara. Babi na biyar kuwa ana iya rubuta shi tun ranar da aka ba da take. Gwamnati ta samar da ayyukan yi. Gwamnati ta wayar da kan jama'a. Malamai da sarakuna su sa baki, iyaye su sa ido. Maganin shaye-shaye shi ne na mutuwar aure, shi ne kuma aka ba matan adashi, waɗanda suka shekara ashirin suna tafiyar da abinsu ba su taɓa neman gwamnati ba.

Ranar kare kundi na ce mata me aka tambaye ki? Ta ce, "Kawu, an ce gefen shafina na hagu bai kai ba, kuma a manazarta na sa waƙafi inda tsarin APA ya ce aya." Ba wanda ya ce mata me kika gano da ba mu sani ba. Tambaya ce ta tozarci, ba a yi wa yaro ita a gaban jama'a.

Ba na ganin baiken malaminta shi kaɗai. Na san malamin da aka danƙa wa ɗalibai fiye da talatin a zango ɗaya, ga azuzuwa cike maƙil, ga albashin da ba ya kaiwa tsakiyar wata, ba ko sisin fita bincike. Wanda ke cikin wannan hali in ka kawo masa littafi biyu na hirar tsakar gida, ka ɗora masa karatu da tunani da gardama da mai jarrabawa na waje. In Babi Biyar ka kawo masa, da ido zai auna kamar mai awon hatsi. Tsarin kansa ma ba haramun ba ne. Wanda amsar tambayarsa ƙirga ce, kamar yawan yaran da suka bar makaranta a gunduma, hanyarsa ke nan in ya bi ta da gaskiya. Abin da muka ƙware a kai shi ne mu ɗinka riga tukuna, sannan mu sassaƙe yaro ya shige ta.

Mu gode wa Allah da waɗansu mutane ba su zo hannunmu ba, da sun sha kunya. Mary Smith ta zauna da tsohuwa ɗaya tak, Baba ta Karo, a ƙasar Zazzau daga ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950, tana rubuta abin da take faɗa da Hausa: aure-aurenta, ƙawance, bori, harin bayi, zuwan Turawa. Littafin ya fito a 1954, har yau ana karanta shi a jami'o'in duniya. Mutum ɗaya, ina 400! Polly Hill ta tare a Batagarawa kusa da Katsina a 1967 tana bin gonaki da rumbuna, ta nuna cewa ƙauye ɗaya yana da masu hali da suke adana hatsi da matalautan da nasu yake ƙarewa tun kafin damina, alhali masana na ofis suna yi wa manoma kuɗin goro. Yusufu Bala Usman ya bi garuruwan ƙasar Katsina yana zama gaban dattawa kafin ya rubuta tarihinta. Ko ɗaya a cikinsu ba shi da 2.50. A zaurenmu sai a ce su koma su gyara babi na uku.

Za a ce waɗannan manya ne masu lokaci da kuɗin bincike, ɗan aji huɗu kuwa wata huɗu gare shi da kuɗin mota. Gaskiya ne. To a nan yabon yake maƙale mini a wuya. Yaron nan yana da abin da su Polly Hill suka sha wuya kafin su samu kaɗan daga ciki: harshen a nono ya sha, lungun nasu ne, in ya yi sallama za a ce shigo. Wata huɗu ya isa a zauna da gida ashirin, ko tashar mota ɗaya, ko layin masu tura ruwa a kura, a fito da shafi arba'in da ba wanda ya taɓa rubutawa. Kowace shekara dubban yara irin wannan suke fita daga jami'o'inmu, 'yan Zamfara da suka san yadda ƙauye yake tara kuɗin fansa, 'yan Borno da suka girma a sansanin gudun hijira, 'yan Kano da suka san abin da ya kashe auren yayarsu a wata uku. Muna cikin masifun da ba mu gama fahimta ba, muna jiran baƙo ya zo da tafinta ya bayyana mana su, ga masu ido a cikin gida mun ba su takarda mai gurbi huɗu. Darasin da yaro yake fita da shi ya fi asarar kundin yi mini ciwo. Ya koyi cewa bincike cika gurbi ne, lamba kuma ana iya ƙera ta in an matsu. Gobe shi ne jami'in da zai kawo rahoton allurar rigakafi ko na rabon taki, kuma ya riga ya san hanyar dalbejiya.

Kwanan nan ma an ƙara wa Babi Biyar ɗaukaka. Da can sai ka biya 'yan dubbai a shafukan intanet masu sayar da furojet a turo maka babi ɗaya zuwa biyar. Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022, cikin minti kaɗan na'ura take zubo shi, da shimfiɗa daga faɗin duniya, da Parsons, da shawara ga gwamnati. Malamai suna kuka wai ba sa iya gane na mutum da na na'ura. Ai wannan ita ce shaidar kamala. Mun yi shekara da shekaru muna gyara ƙirar har ta daina bukatar wanda ya taɓa shiga gidan kowa, sai ga wanda bai taɓa shiga gidan kowa ba ya zo ya fi mu iyawa.

Aka zo ɗinkin kundin 'yar ƙanwata. Kwafi huɗu, bango mai tauri, suna da ruwan zinare, ga bashin fotokofin takarda 400 da na yaron bizines santa. Ƙanwata ba ta da su a lokacin, kwasarta kuma sai bayan wata uku. Ta je ta sami Hajiya. Hajiya ta aika aka kira matar da ke kan layi, suka yi magana a ɗaka, aka musanya, aka ba ƙanwata ranar Juma'ar nan. Da kuɗin adashi aka ɗinke kundin tasirin adashi, kuma yadda hakan ta yiwu ba ya cikin ko shafi ɗaya nasa.

Da ta karɓo nata kwafin, na raka ta ta kai wa Hajiya ta sa albarka. Hajiya ta goge hannu a zane, ta karɓa, ta jinjina nauyinsa, ta shafa rubutun zinaren.

"Masha Allah. 'Yar nan, duk ke kika rubuta wannan? To ina wurin da na ba ki labarin matar nan da ta kwasa ta koma garinsu?"

Yarinyar ta yi ta juya shafi, ta tsaya a wani jadawali ta ɗora yatsa.

"Kina nan, Hajiya. Cikin waɗanda suka yarda ƙwarai."

"Da me na yarda?"

"Da cewa adashi yana da amfani."

Hajiya ta dube ta, ta dube ni, ta ce Allah ya yi albarka, ya ba da miji nagari da aikin gwamnati. Ta miƙo kundin da hannu biyu.

Littattafan nan masu ganye tamanin suna wurina yanzu, na karɓe su don kada a hura wuta da su. A na biyun, wajen tsakiya, labarin matar yana nan da rubutun yarinyar, cikin Hausar Hajiya. Hajiya ba ta kai ƙara wurin 'yan sanda ba, ba ta je gaban mai unguwa ba. Ta cike zubi huɗu daga lalitarta don kada layi ya tsinke, ba ta gaya wa kowa ba. Sannan ta hau mota ta je har garin, ta wuce gidan matar ta sauka gidan gwaggonta, ta kai mata sabulu da goro, ta gaishe ta, ta kwana, ta dawo ba ta ambaci kuɗi ba. Bayan kwana tara kuɗin suka iso, ƙulle a gefen ɗankwali, a hannun ɗan gwaggon. A gefen shafin yarinyar ta ja layi biyu ta rubuta: a tambayi Hajiya me ya sa gwaggo, ba uwa ba.